Tsayuwar Murhu

Na san abin da aka riƙa gaya muku a kan ni da Hajiya Dije. Wasu sun ce kujerar uwar ƙungiya muka yi wa faɗa, wasu sun ce na so in cusa 'yar hayata cikin ƙungiya ta bayan fage, ita kuwa ta tare hanya. Har ke Rabi, autata, da kike cikin gidan aka yi abin, rabinsa kawai kika sani. Ban tanka ba a lokacin don akwai alkawari a wuyana, ni kuwa Balki ba na kwance alkawari don in wanke kaina a wurin masu surutu. Bana mai alkawarin da kanta ta sauke mini shi. Ta ce in faɗa kawai, yanzu babu wanda ya rage a kartiyen nan, wato unguwarmu, bai san ciwonta ba. To ku gyara zama ku ji daga bakin mai ita, tun bakin yana motsi.

Ƙungiyarmu ta masu girkin taro ce. Iyayenmu mata suka kafa ta, waɗanda suka biyo mazansu fatake daga Damagaram da Katsina da Kano suka yada zango a Bangui, har zangon ya zama gida. A unguwarmu ta Kilomita Biyar in babban ɗan kasuwa zai aurar da 'yarsa, ko za a yi suna, ko sadakar mamaci, mu ake kira. Mu ke da manyan tukwane, mu muka san yawan shinkafar da za ta ishi mutanen Titin Koudoukou in suka rufe shaguna suka taho gaba ɗaya da yunwarsu. Macen da aka ba zanen ƙungiya, koriyar atamfar nan da kuka sha gani a jikina, ta samu sana'a kuma ta samu dangi. Kowane taro akwai ladan aikinta, akwai kuma kwanonta na rabo da za ta kai wa 'ya'yanta. In ta kwanta ciwo mu ne a kanta, in aka yi mata rasuwa tukwanenmu ne za su fara isa ƙofarta. Shi ya sa mata ke son shiga, shi ya sa kuma ba a shiga haka kawai.

Ƙofar shiga ita ce tsayuwar murhu. Ranar babban biki na farko bayan mace ta nemi shiga, sai a kai ta rumfar girki, irin ta kwanon nan da aka rufe gefe uku, a ɗora mata babbar tukunyar tuwo, a hura wutar da ɗanyen itace da gangan, na mangwaro ko wanda ruwa ya daka. Ita kaɗai za ta tuƙa, tun hantsi har tuwon ya nuna. Ba ta zama, ba ta shan ruwa, ba ta leƙowa waje. Mu kuma tsofaffin hannu muna zaune a bakin rumfa inda iska take, muna yankan albasa muna yi mata waƙar tsiya da tafi. In ta fito kafin a kwashe tuwon, sai ta jira wata shekarar. Ni ma na yi tawa ina sabuwar amarya, idona ya yi kwanaki ja kamar gauta, kuma na daɗe ina taƙama da ita. Iyayenmu sun ce da haka ake gane mai haƙuri, wadda ba za ta gudu ta bar tukunyar mutane a kan wuta ba.

Wadda ta fi kowa riƙo da al'adar nan ita ce Dije. Tare muka tashi, layinmu ɗaya, makarantar allonmu ɗaya, kwanonmu ɗaya. A shekarar da nake ba ku labari ni ce uwar ƙungiya, amma ita ce mai murhu, wato ita ke zaɓen itace, ita ke cewa tuwo ya yi ko bai yi ba. Doguwa ce, baƙa, muryarta tana tsallake gida uku, tsoro kuwa ba ta san ƙofarsa ba. Lokacin rikicin garin nan, da muka zama kamar kaji a akurki cikin Kilomita Biyar, ba shiga ba fita, Dije ce ta riƙa bin gida-gida tana tara ɗan garin rogon da ya rage wa mutane ana dafa wa marayu. Ina gaya muku wannan don kada wani cikinku ya gama jin labarin nan ya ce muguwa ce.

A shekarar da mutane suka fara dawowa daga gudun hijira ne Sa'ade ta zo ta kama ɗakin bayan gidanmu. A unguwar Miskine aka haife ta, na san uwarta, ƙosai take sayarwa a bakin hanya. Mijinta ya rasu a rikicin, gidansu kuwa ko ƙyauren ba ta tarar ba. Ta dawo daga Kamaru da 'ya'ya biyu da buhu ɗaya na tsummokara. Siririya ce, ba ta da yawan magana, Hausarta tana tafiya tana tuntuɓe sai Sango, yaren ƙasar, ya tallafe ta. Amma hannun nan nata na girki ne. Ranar da ta dafa mana ngunza, miyar ganyen rogon nan, babanku, Allah ya jiƙansa, ya suɗe kwano ya dube ni ya ce ko da saura, abin da bai taɓa ce wa tawa ba. Na ji haushi, na kuma ƙaro masa. Ni na ce mata ta nemi shiga ƙungiya, ni na kai sunanta da bakina. Aka sa mata ranar bikin 'yar wani Alhaji mai sayar da kayan gini, bayan ƙaramar Salla, damina ta zauna sosai.

Ana saura 'yan makonni, wata rana da hantsi na zaga baya in karɓo rariyata da ta ara. Maƙwabta sun tara shara sun cinna mata wuta, hayaƙin yana tsallako katanga. Na tarar da Sa'ade a durƙushe ta dafa turmi da hannu biyu, ta miƙar da wuya, tana jan numfashi da wani sauti kamar kukan ɗan kyanwa. Leɓenta ya sake launi. Ta nuna mini ƙullin da ke bakin zanenta, na kwance, na samu ɗan abin feshin nan da masu ciwon asma ke sawa a baki. Ta fesa, na kama ta na ja zuwa ƙofar gida inda iska ke kaɗawa. Mun daɗe a zaune kafin ta iya haɗa magana.

"Tun yaushe?" na ce.

"Tun ina yarinya, Inna. Ba kullum ba ne. Hayaƙi mai yawa ne ke tayar da shi."

"Kin san abin da ake yi a tsayuwar murhu?"

"Na sani."

"Kin sani kika bar ni na kai sunanki?"

Sai ta kama ƙafata. "Inna, don girman Allah kada ki gaya wa kowa. In suka ji, cewa za su yi mai ciwon ƙirji ba ta girkin taro, shi ke nan sun rufe mini ƙofa. A fili ina girkina lafiya lau, ke ma kin gani. Yini ɗaya ne. Zan daure."

"In ƙirjin bai daure ba fa? Wa za ki bar wa yaran nan?"

"In ban shiga ba, me zan ba su?"

Gaskiyarta ce, don na san matanmu. Rabinsu za su ce Allah sarki baiwar Allah, su ba ta sadaka su ajiye ta gefe, sauran su ce wa zai ci tuwon mai tari. Na yi mata alkawari ba zan faɗa ba. Na shiga ɗaki da rariyata a hannu, ina tunanin rumfar girki, don na ga launin leɓen nan, kuma wannan hayaƙin shara ne kawai da ya tsallako katanga a fili.

Ke Rabi a lokacin kina makarantar koyon jinya. Kin dawo da yamma kin same ni ina tsintar shinkafa ina mayar da tsakuwar cikin mai kyau. Kika ce lafiya. Na ce lafiya lau, sai dai ina so in ji yadda ku 'yan zamani kuke ganin tsayuwar murhun nan tamu. Kamar jira kike.

"Mama, irin wannan a lakwal ɗinmu, wato makaranta, bizitaj ake ce masa. Da, 'yan ƙungiyoyin ɗalibai sukan sa sababbi su yi rarrafe cikin taɓo, a fasa musu ƙwai a ka. Yanzu an hana. An kira shugabannin kowace ƙungiya aka ce su zauna su raba mene ne wasa, mene ne cuta, wadda ta ƙetare kuma a rushe ta."

"To ta yaya suka raba? Ai mu ma wasa muke ce wa namu."

"Duk abin da zai taɓa lafiyar mutum ko mutuncinsa, aka ce sai ya yi shi zai shiga, to cuta ce. Ko da ya ce ya yarda."

"Ko ya yarda da bakinsa?"

"Mama, mai neman shiga yana da bakin cewa a'a ne?"

Na ce ki tashi ki ba ni wuri, kin cika surutun 'yan lakwal. Amma maganar ta zauna mini a ƙirji, don da kunnena na ji Sa'ade tana cewa zan daure, kuma na san ba ita ke magana ba, yunwar 'ya'yanta ce.

Na kira taron ƙungiya bayan la'asar a tsakar gidan Dije, ƙarƙashin mangwaronta, inda muka saba zama. Da aka gama gaishe-gaishe da rabon goro na ce ina so a ajiye tsayuwar murhu. Sai kowa ta ɗauka lokaci guda. Wata ta ce mu da muka yi mun mutu ne? Wata ta ce to wanke tukwane ma a daina sa sababbi, mu goya su mu riƙa yi musu wasa. Na ce wanke tukwane aiki ne, kowa na wankewa, ni ma ga hannuna. Aka ce waƙar tsiya fa? Na ce a yi ta waƙa har maƙogwaro ya bushe, muddin ba a taɓa iyayen mace ko mijinta da ke kabari ba. Aka ce kiran sabuwa da sunan tsokana fa, da sa ta gaishe da kowa a durƙushe, da ba ta ƙashi a rabon farko? Haka muka yi ta bin abubuwan nan ɗaya bayan ɗaya, wannan wasa ne, wannan kuma a duba, abin da ba mu taɓa zama muka yi ba tunda aka kafa ƙungiyar. Har wata ta ce ai ba a ɗaure kowa aka kawo ba, da ƙafarta take zuwa. Nan na ari maganarki, Rabi, na faɗa kamar tawa ce, ban kuwa ji kunya ba. Duk wannan Dije tana zaune a kan kujerarta 'yar tsugunno tana taunar goro tana kallona. Sai da hayaniya ta lafa ta yi magana.

"Balki, shekara nawa kina zaune a bakin rumfa kina tafi? Sai yau da abin ya zo kan 'yar hayarki murhu ya zama cuta? In akwai dalili, faɗe shi a gaban mutane."

Ga dalilin a kan harshena, ba halin fitarwa. Na ce dalilina shi ne duk faɗin Bangui babu mai hankalin da ke girki da ɗanyen itace in ba don ta wahalar da wata ba. Ta ce wannan ba dalili ba ne, kwana-kwana ce. Na ga fuskokin mata sun fara komawa wajenta.

Akwai Iya Tabawa a wurin, ita ce mafi tsufa a cikinmu, ta ga waɗanda suka kafa ƙungiyar da idonta. Kunnenta ɗaya ya daina aiki, amma ɗayan ya ishe ta. Ta buga sandarta a ƙasa ta ce in daina zagaye-zagaye in gaya mata inda iyakar take, a magana ɗaya. Allah ne ya sa mini amsar a baki, don ban shiryo ta daga gida ba. Na ce abin da tsohuwar hannu za ta miƙe ta yi tare da sabuwa, aiki ne, a sa ta. Abin da za mu zauna a inuwa muna kallonta tana yi, ba aiki ba ne. Iya ta jujjuya goron bakinta.

"To ga doka," ta ce. "Daga yau duk wadda ta sa sabuwa wani abu, ta tashi su yi tare, daga farko har ƙarshe. Wadda ba za ta iya ba ta yi shiru."

Mata suka amsa, don maganar ba ta da wurin kamawa. Na ji wani sanyi a raina. Na ce a zuciyata wanzami ba ya son jarfa, wace ce cikinmu, da ciwon gwiwa da hawan jini, za ta shiga hayaƙin nan da ƙafarta? Na yi lissafi da kowa, ban yi da taurin kan ƙawata ba. Dije ta tofar da tukar goro ta miƙe tsaye.

"Na ji doka, Iya. Ni na sa ta, ni zan tsaya. A nemo ɗanyen itace."

Reshe ya juye da mujiya. Na koma wurin Sa'ade na ce ta janye sai baɗi, ta ce baɗi ma murhun yana nan, ƙirjin ma yana nan, yaran kuwa yau suke jin yunwa. Na je gidan Dije ni kaɗai na ce ta yi mini wannan alfarmar ko don kwanon da muka ci tare. Ta dama mini kunu da hannunta, ta zauna a gabana ta ce, faɗi dalili. Na shanye kunun na yi mata sai an jima. A hanya na yanke wa kaina shawara, in har na ji kukan ƙirjin nan ranar biki, zan miƙe in tona asirin a gaban kowa. Gara ta tsane ni tana raye.

Ranar biki ruwa ya sauko tun asuba bai ɗauke ba sai hantsi. Jar ƙasar nan tamu ta zama kunu, mata suna tafe riƙe da takalma a hannu. Na tsayar da wani mai moto, ɗan acaɓa, a bakin layi na ce ya jira ni ko zan buƙace shi da gaggawa, ban gaya masa don me ba. Rumfar tana bayan gidan Alhajin, rufinta ƙasa-ƙasa. Aka hura wuta, itacen yana tsiyayar da ruwa ta gindi yana huci, farin hayaƙi ya taru ƙarƙashin kwanon ya rasa hanyar fita. Dije ta ɗaure ɗankwalinta tamau ta ɗauki muciya, ta miƙa wa Sa'ade ɗaya. Sa'ade ba ta dube ni ba. Suka sunkuya suka shiga.

Mata suka jera a bakin rumfa suka ɗauki waƙa, yau ma har da ƙarin armashi tunda mai murhu da kanta tana ciki. Ni na zauna kusa da kowa da farantin albasa a cinya, bakina ba ya waƙa. A nan na gane abin da ban taɓa lura da shi ba duk shekarun nan, in ana wannan tafin ba a jin komai daga cikin rumfa. Ko mace za ta shiɗe, sai dai a ga faɗuwarta. Na kasa kunne har kaina ya fara ciwo, ban ji komai ba sai tafi da guɗa. Ido ma bai taimaka ba, hayaƙin ya rufe su daga kai har ƙugu, ƙafafu kawai nake gani, na Dije manya a kafe, na Sa'ade sirara a gefensu. Ruwa ya tafasa, suka yi talge, suka fara zuba gari. Ina ta salati a zuci ina yanka albasa ɗaya tun ɗazu. Can sai na ga yatsun ƙafar Sa'ade sun ƙanƙame ƙasa, na ga hannunta ɗaya ya saki muciya ya lalubo ginshiƙin rumfa. Na ajiye faranti. Na yunƙura ke nan zan miƙe, muryar Dije ta fito daga cikin hayaƙin.

"Ku dakata da tafin nan."

Tafin ya tsaya. Sai ga itace yana fitowa ɗaya bayan ɗaya, tana shurinsa da ƙafa yana faɗawa cikin taɓo yana cuu. Sannan ta fito riƙe da wuyan hannun Sa'ade, ta sa ta a bayanta yadda tsawonta ya kare ta daga idon mutane. Hawaye na zuba a fuskarta, tana tari mai ƙarfi, ƙarfin da ni da na san ta na san ya wuce abin da ke maƙogwaronta.

"Wallahi ba zan iya ba," ta ce. "Idona zai tsiyaye. Wannan ba girki ba ne, azaba ce. Ke yarinya, zaga bayan ɗaki ki wanko fuskarki, kin yi baƙi kamar gindin tukunya, kuma kada ki dawo sai na kira ki. Ku kuma me kuke kallo? Ku kama tukunyar nan a fito da ita fili, a kawo busasshen itace, tuwon mutane zai yi gudaji."

Dariyar da aka yi ranar har maza sun leƙo daga zaure. Yau Dije ta gudu ta bar murhu. Wata ta kama rawa tana kwaikwayon tarinta, wata ta ce a kawo mata mafici da ruwan sanyi, tsohuwa ta gaza. Dijen da ko kallon banza ba a yi mata a kwana lafiya, ta tsaya ta shanye duka. Da dariya ta lafa wata ta ce to yanzu ya ke nan, yarinya ta fito kafin a kwashe, sai baɗi? Iya Tabawa ta juyo kunnenta mai ji ta sa aka maimaita mata.

"Wa ya fara fitowa?" ta ce. "Mai murhu ce ta jawo ta. Abin da mai murhu ba ta iya ba, wa za a ɗora wa? A ba yarinya zanenta."

Na sulale na zaga bayan ɗakin. Sa'ade tana zaune a kan kifaffen bokiti, abin feshin a hannunta, kafaɗunta suna hawa suna sauka, amma leɓen bai sake launi ba. Ta ɗaga mini hannu alamar da sauƙi. Ina tsaye a kanta na ji taku a bayana. Dije ce. Ta ja ni gefe, ta sauke muryar nan tata ƙasa, abin da ban taɓa jin ta yi ba.

"Kin sani."

"Na sani."

"Kafaɗata tana gogar tata na ji ƙirjinta yana kuka. Da a waje nake ina tafi yadda na saba, sai dai mu ɗauki gawa. Kin sani, Balki, kika bar ni na hura mata wutar nan da hannuna?"

"Alkawari na yi mata, Dije."

"Ni fa? Tun muna cin ƙasa muke tare. Kin ɗauka in kika raɗa mini zan kai kasuwa?"

Na ce amanar ba tawa ba ce balle in raba ta biyu. Ta kalle ni da jajayen idanun nan. Ta ce Allah ne ya tsare, ba dabarata ba, ta juya ta koma wajen tukunya.

Daga ranar sai gaisuwa tsakaninmu. Muna aiki tare, muna zama a tabarma ɗaya a taro, amma ba ta sake sa hannu a kwanona ba har Allah ya karɓi abinsa. Ba ta kuma taɓa gaya wa kowa abin da ta ji a rumfar nan ba. Ta bar mata suna tsokanarta da gudun murhu shekara da shekaru, har a gaban surukanta. Mutane suka ga mun ja baya da juna suka ɗinka nasu labarin na kujera. Ɗanyen itace kuwa ba wadda ta sake ambatarsa, dokar Iya ta zauna, duk sabuwar da ta shigo yanzu da tsohuwar hannu a gefenta take aikin farko. Na yi ta juya maganar Dije a raina. Tana da gaskiyarta, ina da tawa, kuma da za a mayar da ni ranar da Sa'ade ta kama ƙafata, alkawarin nan dai zan sake yi. Amma ƙawar ƙuruciya ba a sayo ta a kasuwa, kuma har gobe in na dafa abin da take so sai na ji ba daɗi.

Duk da haka, in kuka tambaye ni abin da na fi tunawa a ranar nan, ba faɗan ba ne. Sa'ade ta dawo ta ƙarasa tuƙin a fili, iska tana kwashe ɗan hayaƙin da ke akwai, ita ta kwashe tuwon har malmala ta ƙarshe. Bayan la'asar Iya ta ɗora mata zanen a hannu. Muka kamo hanyar gida ta Titin Koudoukou, tana gaba da kwanon rabonta a ka da zanen a hammata, ina biye da ita kamar jela ina kasa kunne, masu moto suna ta ƙara ba su bar ni na ji komai ba. Da muka karya kwana muka shiga layinmu inda ba hayaniya, na ce ta tsaya. Na kama kafaɗunta na manna kunnena a bayanta, nan tsakiyar hanya.

"Inna, mutane na kallo."

"Su kalla. Ja numfashi."

Ta ja. Iskar ta shiga ta fita ba ƙara ko kaɗan. Na ce ta sake, ta sake. Sai a lokacin na zube a kan dakalin wani gida da ban san masu shi ba, ina alhamdulillahi ina share fuska da bakin mayafi. Ta tsaya a kaina tana dafe da kwanonta, tana dariya ƙasa-ƙasa.

"Inna, tashi mu je," ta ce. "Tuwon yara zai huce."